Harkar ƙwallonmu a hannun wa take?

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a wata fada a nan Koira Kano ana jiran shayi na biyu, sai ga wani yaro mai tallar ruwan leda ya ratso, sanye da wata riga ta gwanjo mai zanen gidan dara, ja da fari, an rubuta lamba 10 da sunan Modric a baya. Wani daga cikinmu ya tambaye shi ko rigar wace ƙasa ce wannan, yaro ya ce ta Real Madrid ce. Aka yi dariya, aka sayi ruwa, ya wuce. Daga nan ne wani dattijo da ke da shagon atamfa a Babbar Kasuwa ya gyara zama, ya ce rigar Kuroshiya ce, kuma ƙasar nan ko rabin rabin Nijar ba ta kai ba a yawan jama'a, amma ta je wasan ƙarshe na kofin duniya. Ya ce sirrin kuwa yaƙi ne, yaƙi ne ya gasa su, shugabansu kuma ya riƙe ƙwallon da hannu biyu, saboda haka mu ma tun da muna cikin halin yaƙi, in hukuma ta ƙara damƙe harkar, Mena za ta tashi.

Ba mu yi masa gardama a wurin ba, don babba ne, kuma shi ya sayi sukarin. Amma maganar ta tsaya mana a rai, domin ba shi kaɗai ke faɗinta ba. Ana jin ta a Katako, ana jin ta a Wadata, har a bakin matan da ba su taɓa zama kallon wasa ba amma 'ya'yansu na kwana a gidan kallo. Mu dai a ganinmu Alhaji ya faɗi gaskiya a kan yawan jama'a, don ƙidayar 2021 ta nuna mutanen Kuroshiya ba su cika miliyan 4 ba, alhali mu mun haura miliyan 25. Sauran maganar ce muke da ja a kanta, kuma sai an ɗan koma baya kafin a ga dalili.

Kuroshiya yanki ne na tsohuwar ƙasar Yugoslabiya, wadda ta haɗa jamhuriyoyi shida ƙarƙashin Tito har ya mutu a 1980. Mutanen Kuroshiya da na Sabiya da Musulmin Bosniya harshe ɗaya suke yi, bambancin bai wuce na Hausar Damagaram da ta Sakkwato ba. Abin da ya raba su shi ne addini da tarihi: na farko 'yan Katolika ne, na biyu 'yan Orthodox, na uku Musulmi. Tarihin kuwa mai ɗaci ne. A yaƙin duniya na biyu, daga 1941 zuwa 1945, wata ƙungiya da ake kira Ustasha ta mulki Kuroshiya da goyon bayan Hitila, ta kashe Sabiyawa da Yahudawa da 'yan ƙabilar Roma ba adadi, musamman a sansanin Jasenovac. A daidai lokacin kuma wasu 'yan Kuroshiyar suna daji tare da Tito suna yaƙar Hitila. Ko a ƙwallo an ga wannan rabuwa. Kulob ɗin Hajduk na birnin Split, wanda aka kafa a 1911, ya ƙi shiga gasar Italiya lokacin da sojan Italiya suka mamaye garin, ya gwammace ya rufe, sai a 1944 ya sake haɗuwa a tsibirin Vis yana buga wasa da sunan mayaƙan Tito. Wato tun can asali kowane ɓangare na jan tamaula zuwa nasa gefe.

Ranar da 'yan Kuroshiya suka fi ambato ita ce 13 ga Mayun 1990. An shirya wasa a filin Maksimir na birnin Zagreb tsakanin Dinamo ta Zagreb da Red Star ta Belgrade, kwanaki kaɗan bayan jam'iyyar Franjo Tudjman, mai neman ɓallewa, ta lashe zaɓe. Magoya bayan Red Star suka zo daga Sabiya, cikinsu har da wani ɗan ta'adda da ake wa laƙabi da Arkan. Tun kafin a take wasa aka fara jifa da kujeru da duwatsu, magoya bayan Dinamo suka karya shinge suka shigo fili, 'yan sanda suka hau su da kulki. Kyaftin ɗin Dinamo, Zvonimir Boban, yaro ɗan shekara 21, ya ga ɗan sanda na dukan wani ɗan kallo, sai ya yi tsalle ya kai masa ƙafa. Ba a buga wasan ba. Aka dakatar da Boban wata shida, ya rasa kofin duniya na Italiya a wannan shekara. Har yau a Zagreb akwai masu cewa da wannan shuri ne yaƙin 'yanci ya fara, har an kafa allon tunawa a bakin filin.

Labari ne mai daɗin ji a fada, amma akwai abin da ba a cika haɗawa da shi ba. Ɗan sandan da Boban ya shura ba Basabiye ba ne, Musulmi ne ɗan Bosniya da aikin gwamnati ya kawo shi wurin. Sannan bayan wannan rana an sake buga kakar wasa guda cur tare, har a watan Mayun 1991 Hajduk ta je Belgrade ta doke Red Star da ci ɗaya da nema ta ɗauko kofin Yugoslabiya. Yaƙin 'yan siyasa ne da janar-janar suka dafa shi, da rediyo da talabijin da suka yi shekaru suna tono tsohon gyambon 1941, da tattalin arzikin da ya ruguje har kuɗin ƙasar ya zama takarda. Filin ƙwallo wuri ne kawai da aka sami matasa marasa aikin yi a tare, masu jin haushi, waɗanda suka riga suka saba bin umarnin mutum ɗaya. Arkan bai wahala ba, daga cikin waɗannan 'yan kallo ya ɗebi wasu ya kafa rundunar da ta yi ta'asa a Kuroshiya da Bosniya, shi ma a 2000 aka bindige shi a wani otel a Belgrade.

Kuroshiya ta ayyana 'yanci ranar 25 ga Yunin 1991. Garin Vukovar ya sha ruwan bama-bamai kwana 87 kafin ya faɗi ranar 18 ga Nuwamba, aka kwashi mutane kusan 200 daga asibiti aka kashe. An yi asarar rayuka wajen 20,000 kafin yaƙin ya ƙare a 1995, kuma a farmakin ƙarshe na watan Agustan shekarar Sabiyawa fiye da 150,000 suka bar gidajen da kakanninsu suka gina. Kada kuma a ɗauka wanda aka zalunta ba ya zalunci. A 1993 mayaƙan Kuroshiyawan Bosniya sun juya kan Musulmi, su ne suka rusa tsohuwar gadar Mostar da Turkawa suka gina tun ƙarni na 16, kuma a 2017 kotun Hague ta tabbatar da hukunci kan shugabanninsu shida, ɗaya daga ciki ya sha guba a gaban alƙali. Wannan shi ne yaƙin da ake cewa ya gasa su.

Mai lamba 10 ɗin da yaron nan ke sanye da rigarsa yana da shekara 6 aka harbe kakansa yana kiwo a gefen dutse, a watan Disambar 1991, aka ƙona gidansu. Iyalin suka yi shekaru suna zaman gudun hijira a ɗakin otel a garin Zadar, a filin ajiye motoci yake buga ƙwallo. Duk mai ba da labarin Modric a nan yake tsayawa, ya ce ka ga abin da wuya take yi. Amma yara dubu nawa ne suka zauna a irin waɗannan ɗakuna, ina suke yau? Abin da ya fitar da Modric shi ne ko ana ruwan harsashi makarantar ƙwallo ta kulob ɗin Zadar ba ta rufe ba, akwai malami, akwai fili, akwai rajista, akwai gasar yara. Hajduk ta ƙi ɗaukarsa wai ya cika ƙanƙanta, Dinamo ta ɗauke shi yana ɗan 16, ta tura shi aro Mostar ya sha taka a gasar Bosniya, sannan Tottenham a 2008, sannan Real Madrid daga 2012 zuwa 2025. Tsani ne mai matakai, kuma kowane mataki akwai wanda ya kafa shi tun kafin a haife shi.

Haka ma tawagar 1998, wadda ta ba Jamus kashi da ci 3 da nema ta zo ta uku a Faransa, Davor Suker ya fi kowa cin ƙwallo da guda 6. An yi ta cewa 'ya'yan sabuwar ƙasa ne. Alhali Boban da Suker da Prosinecki da Jarni da Stimac duk suna cikin tawagar matasan Yugoslabiya da ta ci kofin duniya na matasa a Chile tun 1987, shekara huɗu kafin a fara harbi. Ƙasar da aka rusa ce ta rene su, da kuɗin harajin Basabiye da na Musulmi da na kowa. Shi Prosinecki uwarsa Basabiya ce, ubansa ɗan Kuroshiya, ya ci wa Yugoslabiya ƙwallo a kofin duniya na 1990, ya ci wa Kuroshiya a na 1998. Duk 'yar kasuwa ta san wanda ya gaji shago cike da kaya bai kamata ya riƙa yi wa mutane wa'azin yadda ake tara jari ba.

Sai batun shugaba da Alhaji ya kawo. Gaskiya ne Tudjman ya riƙe ƙwallo da hannu biyu, har riƙon ya yi yawa. Ya ga sunan Dinamo na da warin kwaminisanci, sai aka canza shi a 1991, aka sake canzawa a 1993 zuwa Croatia Zagreb, don duk inda kulob ɗin ya je Turai a ji sunan ƙasa. Magoya baya, waɗanda da yawansu sun je fagen daga sun dawo, wasu ba su dawo ba, suka ce ba su yarda ba. Suka yi shekaru suna ƙaurace wa fili, suna rubuta tsohon suna a bango, suna yi wa shugaban ƙasa ihu a gabansa. Tudjman ya mutu a Disambar 1999, a watan Janairun 2000 jam'iyyarsa ta sha kaye a zaɓe, wata goma sha takwas kacal bayan murnar Faransa, a watan Fabrairu kuma aka mayar da sunan Dinamo. An sake maimaita irin wannan a 2018. Duk wanda ya kalli wasan ƙarshe a Mosko, inda Faransa ta ci su 4 da 2, ya ga shugabar ƙasarsu Kolinda sanye da rigar dara, ruwa na dukanta, tana rungumar 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Matan kasuwa da yawa sun yaba mata a lokacin, mu ma mun yaba. A Janairun 2020 aka kada ta a zaɓe. Masu jefa ƙuri'a sun tafa wa 'yan wasa, amma da suka shiga rumfar zaɓe albashi suka tuna da 'ya'yansu da ke kwarara Jamus da Ireland neman aiki, don tsakanin ƙidayar 2011 da ta 2021 ƙasar ta ragu da mutum kusan 400,000.

Inda kuma ɗan kasuwa zai fi buɗe kunne shi ne wajen kuɗi. Bayan 'yan siyasa sun saba mutane da cewa kulob na mai ƙarfi ne, sai wani mai suna Zdravko Mamic ya zama uban gidan Dinamo shekara da shekaru. Yana ɗaukar yaro tun yana ƙarami, ya yi masa hidima, ya sa shi ya sa hannu a takarda, in an sayar da shi Turai kuɗi su bi ta bayan gida. Kwana takwas kafin a fara kofin duniya na 2018 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara shida da rabi a kan kuɗin da suka kai euro miliyan 15, wato kusan biliyan 10 na kuɗinmu na sefa, ciki har da na cinikin Modric. Shi kuwa ya riga ya tsallaka Bosniya. Modric kansa sai da aka tuhume shi da shaidar zur, daga baya aka yi watsi da tuhumar, amma a shekarar da ya ci kyautar gwarzon duniya akwai bangayen garinsu da aka rubuta masa zagi. Tsohon gyambon ma bai warke ba, don a 2013 ɗan bayansu Simunic ya ɗauki lasifika bayan wasa ya jagoranci 'yan kallo da kirarin Ustasha, FIFA ta dakatar da shi wasa 10, ya rasa kofin duniya na Brazil.

To mu dawo gida. Mu ma muna da ranar da ba ma mantawa, 10 ga Oktoban 2010, ranar da Musa Ma'azu ya zura wa Masar ƙwallo a filin Janar Seyni Kunce, Masar ɗin da ta ci kofin Afirka sau uku a jere. Wanda yake Yamai a ranar ya san an rufe shaguna tun kafin la'asar, kuma babu wanda ya tambayi na kusa da shi ko Bazabarme ne ko Bahaushe ko Buzu ko Bafillace kafin ya rungume shi. A wannan zagaye Mena ta ci Saliyo ta ci Afirka ta Kudu a nan gida, ta je waje sau uku ta sha kashi sau uku. Maki taran da suka kai mu Gabon a 2012, karo na farko a tarihi, duk a gaban jama'ar Yamai aka same su, har 'yan Afirka ta Kudu suka yi ta rawa a filinsu suna zaton su ne suka wuce, ashe ba su karanta doka ba. Mai horarwa Haruna Dula ya zama gwarzon Afirka na 2011. Shekara ta zagayo, Gini ta ci mu ɗaya a Konakiri, muka rama da biyu a nan a Oktoban 2012, muka sake zuwa kofin Afirka na 2013. Tun daga nan shiru.

Abin da wannan lissafi ke nunawa shi ne ƙarfin Mena jama'arta ne da ranar Yamai. Amma tsakanin 2022 da 2024, saboda hukumar CAF ta ce filinmu bai cika sharaɗi ba, wasannin da ake kira na gida a Kwatano aka buga su, da Maroko, da Lome. A neman zuwa kofin Afirka na 2025 mun karɓi baƙuncin Gana a garin Berkane na Maroko, muka lallasa Sudan 4 da nema a Lome gaban kujeru, muka je Akara muka ci Gana 2 da 1, duk da haka maki ɗaya ya hana mu wucewa. Maki ɗaya! Wa zai ce da a gida aka buga waɗannan wasanni ba za a same shi ba? Kuma ba 'yan wasa kaɗai suka yi asara ba. Ranar babban wasa mai kilishi na ci, mai dambu da zogale na ci, mai ruwan leda, mai tuta da hula, ɗan kabu-kabu, direban taksi, mai masauki, kowa na komawa gida da wani abu. Wannan ciniki 'yan Lome da 'yan Maroko muka kai wa. Filin kuwa, wanda Sinawa suka gina aka buɗe a 1989, bai taɓa gaza sharaɗin taron siyasa ba. Jam'iyyu sun cika shi a zamanin farar hula, an cika shi maƙil ranar 6 ga Agustan 2023 da wa'adin ECOWAS ya cika. Ba mu ce taron jama'a laifi ne ba, ƙasa na da ranakun da dole ta taru. Muna dai cewa ciyawa da fitila da ɗakin canza kaya ba su kai wuyar tara mutum dubu talatin ba.

Yanzu a dubi sunayen ƙungiyoyin da ke gasarmu ta ƙasa: AS FAN ta soja, AS Police ta 'yan sanda, AS Douanes ta 'yan duwan, AS GNN ta gardi, USGN ta jandarma, sai ta Sonidep da ta Nigelec. Daga 2010 zuwa yau mafi yawan kofunan lig a tsakaninsu suke yawo. Hukumar Fenifoot kanta a 2009 Kanar Jibrila Hima Hamidu, wanda aka fi sani da Pele, ya hau kujerarta, ya riƙe fiye da shekara goma, har a Maris ɗin 2025 aka zaɓe shi a majalisar FIFA. Adalci ne a faɗi cewa a zamaninsa aka je kofin Afirka sau biyu, aka karɓi baƙuncin gasar 'yan ƙasa da 17 a 2015 da ta 'yan ƙasa da 20 a 2019, yaranmu suka je kofin duniya na Indiya a 2017 har suka wuce zagayen farko. Adalci ne kuma a ce ba don waɗannan ƙungiyoyi na masu kaki ba, da ɗan wasan Nijar bai san albashin wata ba. Ba su ƙwace wa kowa komai ba, wuri suka tarar babu kowa suka zauna. Saboda haka ne maganar Alhaji ta ba mu mamaki, wai hukuma ta ƙara damƙewa. Me ya rage ba ta damƙe ba?

Matsalar ita ce babu yaron da ke tasowa yana kuka don duwan ta sha kashi, balle ɗan kasuwa. Mutum unguwarsa yake so da garinsu. Dattawan Yamai na tuna lokacin da in Sahel za ta kara da Olympic ko Zumunta gari ke rabuwa biyu, miji da mata su yini ba sa ga maciji. Maraɗi na da Ɗan Kasawa, Damagaram na da Espoir, Arlit na da Akokana. Waɗannan su ne ke da jama'a amma ba su da kuɗi, waɗancan na da kuɗi amma ba su da jama'a, shi ya sa ake buga wasan lig fili wayam, yaranmu kuma na can gidan kallo suna faɗa a kan Barcelona. A kwatanta da kokowa. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, duk shekara ƙasar nan ke tsayawa cak, tsohuwa mai sai da daddawa ta manna rediyo a kunne, domin wanda ke cikin fili ɗan jiharta ne, ta san garinsu, wataƙila ma ta san uwarsa. Hukuma ce ke shirya gasar, amma ɗan kokowar na jama'a ne.

Mu 'yan kasuwa kuma ba za mu wanke hannunmu ba. Koira Kano a Zabarmanci gari mai daɗi ke nan, kuma da daɗin, ga manyan gidaje ga itatuwa. Amma a bayan layinmu akwai wani fili da yara suka yi shekaru suna buga ƙwallo a kai, 'ya'yan masu gida da 'ya'yan masu gadi a ƙungiya ɗaya, da duwatsu biyu a matsayin raga. Wata safiya muka tashi muka ga an jibge bulo, kafin wata ya ƙare an zagaye shi da katanga. Wanda ya saya ɗan'uwanmu ne ɗan kasuwa, da kuɗinsa na halas, kuma da mu aka yi wa tayi da mun saya. Yanzu yaran a kan titi suke bugawa, in mota ta taho a ɗauke ƙwallo. Irin wannan ya faru a kowace unguwa ta Yamai. Sannan ga yaran da tashin hankali ya koro daga yankin Tillaberi da Diffa, suna nan a gefen gari da sansanoni, masu shekarun Modric lokacin da aka harbe kakansa. Wuya dai sun sha ta, in wuya ce ke yin gwani. Abin da ba su da shi shi ne malamin Zadar da filinsa da littafin rajistarsa.

Akwai abu ɗaya da za mu so a aro daga Kuroshiya, kuma ba a fadar shugaban ƙasa yake ba. Hajduk ɗin nan ta Split ta kusa rushewa saboda bashi wajen 2012. Magoya bayanta suka kafa ƙungiya, kowa na biyan kuɗin kati duk shekara, suka samu 'yancin zaɓen kwamitin da ke sa ido kan shugabannin kulob, a 2016 kuma suka haɗa kuɗi suka sayi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jarinsa. Membobin sun kai dubun dubata, har da jarirai da iyaye ke yi wa rajista. Ba za mu ɓoye ba, bayan na 2005 har zuwa 2025 Hajduk ba ta sake cin kofin lig ba, saboda haka wannan hanya ba maganin gaggawa ba ce. Amma filinta na cika, kuma babu wanda ya isa ya canza mata suna da dare ko ya tsallaka iyaka da kuɗin cinikin yaro ba a tambaye shi ba.

Wannan kuwa ai adashi ne, kuma babu wanda zai koya wa matan kasuwar Yamai adashi. Mace ba ta iya karatu ba amma tana riƙe da zubin mutum arba'in shekara goma, dala ba ta ɓata ba. In 'yan kasuwa dubu a Wadata ko Katako suka yarda kowa ya zuba jikka ɗaya a wata, miliyan 12 ke nan a shekara. Ba za ta sayo ɗan wasa daga waje ba, amma za ta biya malamai biyu ko uku, ta sayi ƙwallaye da takalma, ta yi wa yaran unguwa rajista da takardar haihuwa ta gaskiya, ta kai su wasa Dosso ta dawo da su. Sharaɗin kawai shi ne a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a kamar yadda uwar adashi ke yi, kada a ɗora wa ƙungiyar sunan wani mai kuɗi ko na jam'iyya, kuma duk takardar da yaro zai sa wa hannu sai uwarsa da ubansa sun ji abin da ke ciki da harshen da suke ji. Wakilan kasuwanni da ke zuwa wajen magajin gari kan batun haraji da rumfuna su ƙara magana ɗaya a takardarsu, cewa duk sabon rabon fuloti a ware filin wasa a rubuce, da lamba, yadda ba za a wayi gari a ga bulo ba. Su kuma masu hukuma su faɗa wa jama'a dalla-dalla nawa aka kashe a gyaran filin Seyni Kunce, me CAF ta nema, me aka yi.

Jiya mun sake ganin yaron nan a bakin titi da bokitinsa a ka. Mun tambaye shi inda yake buga ƙwallo, ya ce in ya sayar da ruwa da wuri yakan je wani kango kusa da gidan da ubansa ke gadi, amma mai wurin ya ce bayan salla za a fara gini. Ran Juma'a in Allah Ya kai mu za mu kai wa Alhaji maganar jikka ɗaya a wata, tun da shi ne ma'ajin layinsu a Babbar Kasuwa.